Kafin Ka Yi Wa Tsohuwar Motar Wasa Fenti, Juya Ta Ka Karanta Cikinta

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, ga rubutun nan kamar yadda aka saba.

Yau hirarmu a kan motoci ce, amma ba irin waɗanda ake zuba wa fetur ba. 'Yan ƙananan motocin ƙarfen nan nake nufi, na wasan yara, waɗanda za ka iya rufe ɗaya a tafin hannunka. Na san wani zai ce, "Malam, duk matsalolin da ake ciki sai motar wasa?" To ka ɗan yi haƙuri ka ji. Akwai manyan mutane a duniya, masu furfura da jikoki, da ba su da wani abin sha'awa da ya wuce tara waɗannan motoci. Akwai kuma wadda a cikinsu kuɗinta zai saya maka gida. Ni kuwa ta hanyar asara na shigo harkar, shi ya sa nake so in fara da labarina.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, muka zauna buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe da yake ajiye takardunsa. A can ƙasa, cikin wata safa, sai ga 'yar mota koriya, ƙirar Land Rover, da kaya a ɗaure a saman rufinta. Duk fentin gefenta ya goge, ƙofa ɗaya ta yi tabo. Gwaggonmu tana ganinta ta ce, "Kai, ashe tana nan! Kawunsa ne ya sayo masa a wani babban kanti a Kaduna lokacin yana firamare. Har barci yake yi da ita." Ni kuma da nake ganin gata zan yi mata, sai na samo samfefa na goge ragowar fentin tas, na sayo fentin feshi ja, na feshe ta. Ta yi ƙyalli kuwa. Na ɗauki hoto na tura wa wani abokina da ya ɗan san harkar, ina jiran yabo. Amsar da ya ba ni ita ce, "Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a cikinta." Na juya. An rubuta cewa kamfanin Lesney ne ya yi ta a Ingila, jerin Matchbox, lamba 12. Ya ce, "Wannan tun shekarun 1960 ce. Garin gyaran gira ka rasa ido."

Kar ku ɗauka miliyoyi na yi asara. Irin wannan Land Rover ɗin an yi ta da yawa, ko a wajen masu tarawa kuɗinta ba wani mai tayar da hankali ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan gogewar fentin da na kankare, sawun yatsun babana ne yana yaro. Shi kuwa ba a sayar da shi a ko'ina.

Tun daga ranar na shiga bincike, kuma abin da na fahimta shi ne zan ba ku yau: tsufa kaɗai ba ya sa motar wasa ta yi daraja, kuma yawancin abin da kake buƙatar sani game da ita yana rubuce a cikinta. Amma bari mu fara da sanin su waye suka ƙera su.

A Ingila aka fi kafa tarihin wannan sana'a. Kamfanin Meccano na birnin Liverpool, wanda Frank Hornby ya kafa, shi ya fito da Dinky Toys a 1934. Da farko ma an yi su ne don su zama kayan ado a gefen layin jirgin ƙasa na wasa, daga baya suka zama kasuwa mai zaman kanta. Masana'antarsu ta Liverpool ta rufe a 1979.

Sai Matchbox, wato irin ta babana. Wasu abokai biyu, Leslie Smith da Rodney Smith, suka kafa kamfani a London a 1947. Suka ɗauki farkon sunan ɗaya da ƙarshen sunan ɗayan suka haɗa, ya ba da Lesney. Abokin aikinsu Jack Odell yana da 'ya da makarantarsu ta kafa dokar cewa ba a zuwa da abin wasa sai wanda zai shiga kwalin ashana. Sai ya ƙera mata 'yar ƙaramar motar daɓe titi da ta shige kwalin daidai. Daga nan sunan ya samo asali, domin ma'anar Matchbox ke nan, kwalin ashana. A 1953 suka fara sayar da su cikin ɗan kwali mai kama da na ashana, suna ba kowace mota lamba, har jerin ya tsaya a kan 1 zuwa 75.

A 1956 Corgi ta shigo daga Swansea a yankin Wales, da wani abu da a yau za ka ga kamar ba komai ba: tagogi masu gilashin roba. Kafin nan motocin Dinky ramuka ne kawai a wajen taga. A 1965 Corgi ta fitar da Aston Martin DB5 ta James Bond, mai kujerar da ke cilla mutum sama idan ka danna wani ɗan maɓalli. Ku riƙe wannan motar a ranku, za mu dawo kanta.

Sai aka zo 1968, kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels, motoci 16 a tashin farko. Elliot Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, shi ya matsa a yi su, har ya ɗauko mai zanen motocin gaske, Harry Bradley, daga General Motors. Sirrinsu yana ƙafa: siririyar waya a matsayin sandar taya, da tayoyin da ke juyawa ba tirjiya. Ka ɗan tura ta, sai ta tsere wa duk wata motar wasa da ake da ita a lokacin. Dole Matchbox ta sauya tayoyinta a 1969, ta kira sababbin Superfast. Duk da haka Lesney ya durƙushe a 1982, sunan Matchbox ya yi ta sauya hannu, har a 1997 ya faɗa hannun Mattel ɗin da ya jawo masa matsalar tun farko. Ka ji duniya.

Faransa ma tana da nata: Solido, da Norev, da Majorette. Norev sunan iyalin da suka kafa shi ne, Véron, aka karanta daga baya zuwa gaba. Japan kuma tana da Tomica tun 1970.

To yanzu ga babbar tambayar: me ke sa wata ta yi tsada, wata kuma ko kuɗin ƙosai ba za ta yi ba?

Abu na farko shi ne ƙaranci. Hot Wheels da aka ƙera zuwa yau sun kai biliyoyi, kuma an yi shekara da shekaru ana sayar da guda a kan kusan dala ɗaya a Amurka. Abin da kowa ke da shi ba ya tsada, ko ya shekara arba'in. Amma ku ji labarin wadda ake kira Beach Bomb. A 1969 Mattel ya gwada yin wata 'yar bas ƙirar Volkswagen, da allunan nan da ake hawa a yi wasa a kan igiyar ruwan teku, an zura su ta tagar baya. Da aka gwada ta a kan titin robar da ake tseren motocin, sai aka ga ta cika siranta, samanta kuma ya yi nauyi, na'urar da ke cilla motocin ba ta kama ta da kyau. Aka sauya ƙirar, aka faɗaɗa ta, aka mayar da allunan gefe. Waɗancan na gwajin ba su taɓa shiga kasuwa ba, 'yan kaɗan ne suka rage a hannun ma'aikata. Mai launin ruwan hoda a cikinsu, wadda ke hannun wani Ba'amurke mai tara motocin, Bruce Pascal, ana ƙiyasta kuɗinta sama da dala dubu 100. Wato kuskuren masana'anta ne ya zama dukiya.

Na biyu shi ne lafiyar motar, kuma a nan ne na faɗi jarrabawa. Masu tarawa fentin asali suke nema. Mota mai fentinta na masana'anta, ko da ya ɗan goge, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja a wajensu, komai kyan sabon fentin. Dalili kuwa, kowa zai iya fesa fenti gobe, amma ba mai iya dawo da na 1965.

Na uku, cikar kaya. Ku tuna motar James Bond ɗin nan. Ɗan mutumin robar da kujerar ke cillawa bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Yaro ya danna sau uku, ya faɗa ƙarƙashin gado, shi ke nan. Saboda haka motocin suna da yawa, amma masu ɗan mutuminsu na asali da takardunsu sun yi ƙaranci, kuma su ne masu tsada.

Na huɗu zai ba ku dariya: kwali. E, kwalin da yaro ke yagawa ya jefar tun kafin a iso gida. Da yake kusan kowa ya jefar da nasa, mota mai kwalinta na asali takan ninka marar kwali a farashi. Har kwalin da babu komai a ciki ana saye.

Yanzu bari in koya muku karatun cikin mota, wanda da na iya shi da ban yi ɓarna ba. Idan ka juya ta za ka ga sunan kamfani, da sunan motar, da ƙasar da aka yi ta, wani lokaci da shekara. To a kan shekarar nan ake yi wa mutane wayo. A Hot Wheels, shekarar da ke rubuce ta rajistar ƙirar ce, ba shekarar da aka ƙera wannan da ke hannunka ba. Ana iya ci gaba da buga ƙira ɗaya shekara talatin da tsohuwar shekarar a jikinta. Sai ka haɗa da sunan ƙasa. Na farko-farko a Amurka da Hong Kong aka yi su, kuma akwai jan layi zagaye da tayarsu, wanda aka ci gaba da sawa har 1977. Sai a shekarun 1980 aka fara yin su a Malesiya. Don haka idan wani ya nuna maka mota an rubuta 1968, a gefe kuma an rubuta Malesiya ko Tailan, ya ce maka ta shekara hamsin da ɗoriya, ka yi murmushi kawai ka wuce. Ko jan layin ma kar ya ruɗe ka shi kaɗai, don an sake sa shi a wasu sababbi na tunawa da baya.

A Matchbox kuwa, in ka ga sunan Lesney da Ingila, to ba ta wuce farkon shekarun 1980 ba. In babu kalmar Superfast, tayoyin kuma ƙanana ne a kan sanda mai ɗan kauri, akwai alamar ta girmi 1970. Dinky ma akwai sababbin kwafi da aka yi a China da izini, masu kama da na da sak, har kwalin. Ba jabu ba ne in an faɗa maka gaskiya, amma ba tsofaffi ba ne, kuma rubutun cikinsu zai nuna maka.

Ka kuma duba kan ƙusoshin da suka manne bodin da gindin motar. Na masana'anta a daddale suke, sumul. In ka ga alamar an huda, ko an sa sukuru, ko an cike da gam, to an taɓa buɗe motar, wataƙila an sake fenti ko an sauya taya.

Wani abin da za ku riƙa gani shi ne lambobi irin 1:64 ko 1:43 ko 1:18. Ma'auni ne. 1:43 na nufin an rage motar gaske sau 43. Misali, Peugeot 504 tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne. A 1:43 za ta zama kamar santimita 10, a 1:64 kamar santimita 7, a 1:18 kuwa kamar santimita 25. Ƙarfen da ake zuba su da shi kuma yawancinsa tutiya ne, da ɗan alminiyam da wasu ƙarafa. Wasu na kafin Yaƙin Duniya na Biyu an samu dalma ta gurɓata haɗin, shi ya sa suke kumbura suna tsattsagewa da kansu. In ka ga irin wannan tsagar, ba ta da magani.

Harkar ba ta tsaya a motocin ƙarfe ba. Akwai waɗanda ake sayarwa a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba, kai za ka yanka, ka manna da gam, ka yi fenti. Airfix a Ingila, Revell da AMT a Amurka, Tamiya a Japan, su ne manyan sunayen. A ƙarshen shekarun 1950 AMT ya fito da kwalin da za ka iya haɗa mota ɗaya ta hanya uku: yadda ta fito daga kamfani, ko ta tsere, ko wadda aka yi wa kwaskwarima. Abin mamaki a nan, wanda ba a taɓa buɗewa ba ya fi wanda aka haɗa tsada. Wato masu tarawa suna biyan kuɗi ne don wani yaro bai yi wasa da kayansa ba.

Ita kwaskwarimar nan kuwa al'ada ce babba a Amurka, musamman a jihar California bayan yaƙin duniya. Matasa su sayi tsohuwar mota, su yanke rufin su rage masa tsawo, su sa babban inji, su zana harshen wuta a jiki. Kamar dai yadda masu manyan motocinmu ke kai su wajen mai zane a yi musu ado da kirari, sai dai su har ƙirar suke sauyawa. Ed Roth na cikin gwanayensu. Revell ya riƙa sayar da ƙananan kwafin motocinsa, kuma motarsa Beatnik Bandit tana cikin Hot Wheels 16 na farko. George Barris kuma ya sayi wata motar gwaji ta Ford mai suna Lincoln Futura a kan dala ɗaya, ya mayar da ita motar Batman ta shirin talabijin na 1966. A 2013 aka yi gwanjonta a kan sama da dala miliyan 4. Shi ya sa duk abin da ya shafi waɗannan mutane, tsofaffin mujallu, sitika, riguna, allunan talla, ya zama abin tarawa.

To mu ina muka shigo? Ta wurare biyu. Na farko, tarihinmu ma yana cikin waɗannan motoci. Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, an yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar kai amarya. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun yi ƙananan kwafinta. Yau ka nemi 504 mai lafiya a titi ka gani, sai ka sha wuya. Wata rana ƙaramar ce kawai za ka nuna wa ɗanka ka ce, "Irin wannan kakanka ya tuƙa." Na biyu, tulin kayan wasan gwanjo da ake zubewa a kasuwanninmu daga Turai da Amurka suke zuwa, kuma jefi-jefi tsofaffi kan biyo ciki. Mai sayarwa kuɗi ɗaya yake yi musu duka.

Amma kar wani ya ji wannan ya kwashi jarinsa ya tafi gwanjo neman Beach Bomb. Wallahi a cikin ɗari da za ka juya, da wuya ka samu ɗaya da ta wuce kuɗin da ka saye ta. Masu saye da tsada yawancinsu suna ƙasashen waje, kuɗin aikawa kuma sau da yawa ya fi kuɗin motar. Farashin da kake gani a intanet ma, ka bambance abin da mai kaya ya nema da abin da aka saya a zahiri. Kowa na iya rubuta miliyan a kan kayansa. Kuma duk wanda ya turo maka hoto ya ce ka tura kuɗi yanzu-yanzu kafin wani ya riga ka, ka ce ya juya motar ya ɗauko maka cikinta tukuna. In ya fara kame-kame, ka san sauran.

In kuma ka samu tsohuwa a gida, ga abin da za ka yi. Kar ka sa mata samfefa, ko fetur, ko kananzir. Busasshen buroshi mai laushi ya isa ya cire ƙura, in ta kama sai ɗan tsumma mai danshi, ka kauce wa sitikar jikinta. Kar ka ajiye ta inda rana ke bugawa, don fenti na koɗewa, roba kuma na lanƙwashewa da zafi irin namu. Ka sa ta a abin da ke da murfi saboda ƙurar hunturu, kowace daban, kar su riƙa gogar juna. In da kwali, ka adana shi kamar takardar fili. Sannan kar ka ba ƙaramin yaro mai kai komai baki, domin wasu tsofaffin fenti suna da gubar dalma, ga kuma ƙananan sassa da za a iya haɗiyewa.

Shawarata ga mai son farawa: zaɓi abu ɗaya da ke da ma'ana a wajenka. Wani Fijo kawai yake tarawa, wani motocin kashe gobara, wani tifa da tirela saboda babansa direba ne. Da haka za ka san abinka sosai, kuma zai yi wuya a cuce ka.

Kuma kar mu raina namu. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta gwangwani, muna yanka tsohon silifas mu yi taya, wa ya ajiye ko guda ɗaya? Babu kamfanin da ya buga su, babu biyu masu kama da juna. In ƙaranci ne ke sa daraja, to sun fi Beach Bomb ƙaranci. In ƙaninka ya ƙera wata mai kyau, ka saya a hannunsa, ka rubuta sunansa da shekara a cikinta, ka ajiye.

Land Rover ɗin babana tana nan a kan teburina, ja wur, kamar ba ita ba. Na yi tunanin in kankare jan in mayar mata da kore, sai na ga ko na yi, ba koren da ya taɓa ba ne. Na bar ta haka. Duk wanda ya zo ya ce ta yi kyau, sai in miƙa masa in ce ya juya ta.

A nan za mu dakata. In akwai wata tsohuwar motar wasa a gidanku, ku juya ta ku ɗauki hoton cikinta ku ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, mu karanta tare. Ku dai kar ku taɓa fentin kafin nan.